Gaisuwar Audu

"Hajo, aje tsintsiyar nan ki zo."

Ina cikin share ƙofar ɗakinta Gwaggo Laraba ta kira ni. Da ba don kusa nake ba da ban ji ba, don muryar ta shige ciki tun da aka sallamo ta daga asibiti. Na jingine tsintsiyar na ɗaga labule. Tana kwance a kan katifarta ta ƙasa, an tokare mata baya da filo biyu saboda numfashi, ƙafafun nan sun kumbura har suna ƙyalli.

"Mi kike so, Gwaggo? In dama maki kunu?"

"Ba kunu ba. Ki tahi kasuwa ki kira mani Rifkatu."

Na tsaya riƙe da labule ina kallonta. Na ɗauka zazzaɓi ne ya hau mata kai.

"Wace Rifkatu?"

"Rifkatu nawa kika sani?"

Ɗaya na sani, kuma ita ɗin ma da ban san ta ba da ya fi mini. Ita ce shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu Gwaggo, ƙungiyar nan ta matan Kirista masu anko da waƙa. Shekara uku ke nan ba a ambaci sunanta a gidan nan ba.

Gidanmu gidan haya ne a Ƙofar Kaura, kuma Gwaggo Laraba ce kaɗai Kirista a cikinsa. Bahaushiya ce daga wani ƙauye ta wajen Kafur, mijinta ya kawo ta birni yana aikin masinja, ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya da sana'ar ƙuli-ƙuli. Na zo gidan ina amarya na same ta. Ita ta yi mini wankan jego a haihuwata duka, kuma ba ta da sauƙin hannu, in ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa sai na kira sunan uwata. Da azumi ba ka ganin ta tana cin komai a tsakar gida. Da Kirsimeti kuwa takan kamo kajinta ta kai wa maigidana, Malam Gwadabe, ya yanka, don kada wani a gidan ya sami hujjar ƙin cin shinkafarta. Ni dai ban taɓa neman hujja ba, har ƙari nake aika yara su karɓo.

Ɗan nata shi ne Audu, mai gyaran babur. Yana saurayi ya musulunta. Mun zuba ido mu ga tashin hankali, ba mu gani ba. Ta yi kukanta a ɗaki, ta fito ta ce, "Ko sunan ma bai wahalar da kowa ba, da ma Audu ne." Shi kuma duk Lahadi sai ya goge baburinsa ya ɗora ta ya kai ta coci, ya koma gareji, in an tashi ya je ya ɗauko ta. 'Yan unguwa suka yi surutu har suka gaji. Yakan ce uwa tasa ce, babur nasa ne, mai ma shi ya saya.

Wata safiya mota ta buge shi a hanyar Batagarawa. Ko asibiti bai kai da rai ba. Mazan unguwa suka yi abin da aka saba, aka yi masa wanka da sutura, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida muka zaunar da Gwaggo a tsakiya. Mata suka yi ta shigowa daga lungu-lungu, ana mata gaisuwa tana amsawa, amma idonta yana kan ƙofar zaure. Duk wadda ta yi sallama sai ta ɗaga kai, sai kuma ta mayar. Matar da ta haura shekara arba'in a Zumunta, ba a taɓa yin mutuwa ko haihuwa a cocin nan ba ta ɗaura ankonta ta je ba, ranar nan ko mutum ɗaya daga cikinsu bai leƙo ba. Washegari ma haka. Aka yi sadakar uku aka watse.

Sai bayan mun naɗe tabarmi suka iso, a jere, cikin ankonsu mai kyau, Rifkatu a gaba da kwanon abinci. Wai sanarwa suka jira. Su a al'adarsu in an yi rasuwa gawa takan yi kwanaki a asibiti, a faɗa a coci ranar Lahadi, a tsayar da ranar jana'iza, sannan mata su taru su zo. Wai ba su zaci za a binne shi a ranar ba. A cikin Katsina kuke zaune, ba ku san Musulmi ba ya kwana ba? Gwaggo ta dube su ɗaya-ɗaya. Ta tashi ta shige ɗaki ta sa sakata. Suka daɗe a tsaye, suka ajiye kwanon suka tafi. Ni na raba wa yara abincin, don abinci bai yi laifi ba.

Tun daga ranar ba ta sake taka coci ba. Fastonsu ya zo ya fi a ƙirga, har da 'yar jakarsa ta Jibin Ubangiji, gurasa da abin shan da suke rabawa a ibadarsu. Takan gaishe shi da ladabi ta ce ya mayar, ba a cin Jibi da gaba a ciki. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma mun ga yadda ta ƙare.

Shi ya sa na saki labulen na zauna a bakin katifar na ce, "Gwaggo, mi kika rasa? Mun gaza maki ne? Ni da Binta ba mu nan dare da rana?" Binta maƙwabciyar ɗakina ce, mu biyu muke karɓa-karɓar jinyar.

"Ba ku gaza ba. Ko ɗiyar da na haiha iyakar abin da za ta yi ke nan." Ta huta, ta jawo numfashi. "Hajo, ke in kin yi salla kina jin sanyi a ranki, ko?"

"Ina ji."

"Ni shekara uku ban ji ba. In na ruhe ido zan yi addu'a na ce Uba, sai in ga huskar Rifkatu riƙe da kwano. Sai in buɗe ido in tashi. Na yi zaton su kaɗai na ruhe wa ƙofa, ashe har da Ubangiji." Ta kama hannuna, tafinta sanyi ƙalau. "Likita bai ɓoye maki ba, ni ma jikina bai ɓoye mani ba. Ba ni kai gobe da yamma. Ina tsoro, Hajo. Ba mutuwar ba. Ina tsoron in isa ni kaɗai, a tambaye ni ina 'yan'uwana."

Ban taɓa jin Gwaggo ta ce tana tsoron wani abu ba. Matar da ke kashe kunama da tafin takalmi tana ci gaba da hira. Maganar ta daki zuciyata, amma girman kai bai bar ni nan take ba.

"To ai ga waya. A nemo lambarta wurin Fasto."

"Fasto shina Malumfashi wurin taro. Kuma ba maganar waya ba ce. Zumunta a ƙafa take. Tawa ta ƙi, ki ara mani taki."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na kira Binta ta zauna da ita, na zura hijabi, na leƙa shagon Malam Gwadabe na faɗa masa inda za ni. Ya dube ni ya ce, "Ke za a aika sulhu? Allah ya sa kasuwar ta tsira." Na fita na tari napep.

Rana ta take sosai lokacin da na isa layin 'yan kayan miya. Ban sha wahalar nemanta ba. Tana zaune a bayan tiren tattasai da tumatir, ta ƙara jiki, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Na yi sallama ta amsa tana murmushin ciniki, sai ta gane ni, murmushin ya tsaya.

"Maman Nafisa ce? Sannu da zuwa. An wuni lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ya gida? Ya yara? Ya maigidan?"

"Duk lahiya."

"Ya zafin nan?"

"Lokacinshi ne."

Ta shiga jera tumatirin da ya riga ya jeru. Ta tambayi kowa har zafi, amma ta kasa tambayar wadda take so ta tambaya. Na bar ta ta ɗan dahu, sannan na ce, "Gwaggo Laraba ce ta aiko ni. Tana kiranki. Jikin ya yi tsanani."

Tumatir ɗaya ya suɓuce mata ya gangara ƙarƙashin tebur. Idonta ya ciko.

"Ita da bakinta ta ce Rifkatu?"

"Da bakinta. Ni da nawa ne da ban ce ba."

"Na gode wa Allah. Kullum cikin addu'armu take, wallahi kullum." Ta share ido da bakin zane. "Gobe Alhamis, ranar zumuntarmu ce. Zan sanar wa mata, in an tashi sai mu ɗunguma gaba ɗaya mu zo, da ankonmu, mu yi mata waƙa yadda ya kamata. Babbar mace ce a cikinmu, bai dace in je mata ni kaɗai haka da kayan kasuwa ba."

Ba da mugunta ta faɗa ba, wannan na gane daga baya. Girmamawa take nufi. Amma a lokacin jini ne ya hau mini kai.

"Sanarwa kuma?" Muryata ta tashi har mai albasa na gefe ya juyo. "Sanarwar ce dai har yau? Baiwar Allah, wancan karon kun jira sanarwa kun tarar an naɗe tabarma. Wanga karon in kun jira, gawa za ku yi wa waƙa. Matar nan ba ta kai gobe da yamma, ita ta faɗa, kuma ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Ba anko ta aiko ni in kira ba, ke ta ce!"

Rifkatu ta dube ni kamar na watsa mata ruwa. Na zaci za ta rama, na ma shirya. Sai ta miƙe, ta jawo buhu ta rufe tiren, ta ce wa mai albasa, "Malam Yari, ga kaya nan." Ko jakarta ba ta tsaya ɗaurewa ba.

A cikin napep ta yi ta kiran waya. Magana ɗaya take maimaitawa: "Gidan Mama Laraba, Ƙofar Kaura. Yanzu. A'a, ba anko, yadda kike. Ki faɗa wa na kusa da ke." Ta kira Fasto ma, ya ce zai nemi mota ya taso.

Mun sami Binta tana yi wa Gwaggo fifita, don an ɗauke wuta. Rifkatu ta cire takalmi ta tsaya a bakin ƙofar, ƙofar nan dai da aka rufe mata. Ta kasa shiga sai da na ɗan tura ta.

"Mama," ta ce, ta durƙusa.

Gwaggo ta buɗe ido ta daɗe tana kallonta. "Kin tsuhwa, Rifkatu."

"Na tsufa, Mama."

Kafin su ƙara wata magana wasu suka fara isowa. Wata da farin kayan asibiti, wata malamar makaranta da alli a hannun riga, wata da goyo da ragowar ƙullu a yatsu. Ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, in ka gan su a hanya ba ka ce tafiyarsu ɗaya ba. Ɗakin ƙarami ne, suka cika shi, saura suka tsaya a ƙofa. Ba su san abin da za su ce ba, sai malamar makarantar ta ɗauko waƙa a hankali, sauran suka kama. Muryoyinsu da daɗi, ban hana su wannan ba.

Gwaggo ta ɗaga hannu. Waƙar ta mutu a tsakiya.

"Ba waƙa na kira ku ba tukuna." Ta juya ga Rifkatu. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki hwaɗa mani gaskiya gaban Allah. Sanarwa kunka jira?"

Binta ta tsayar da maficin da ke hannunta. Rifkatu ta sunkuyar da kai.

"Mun jira sanarwa, Mama, wannan ba ƙarya ba ne. Wasu ma ba su ji ba sai Lahadi." Ta ɗago kai. "Amma ni tun da hantsi na ji. Na ɗauki gyalena har na kai bakin titi. Sai na ce, in na shiga zaman makokin Musulmi mi zan ce? A wane gefe zan zauna? Mi mutanen cocinmu za su ɗauka? Na koma rumfa na ce a jira sanarwa. Ni na ce a jira." Kuka ya ci ƙarfinta. "Da a ce Audu bai bar addininmu ba, Mama, da ban jira kowa ba."

Ni da ke tsaye a jikin ƙyaure, ji na yi kamar in finciko ta in fitar waje. Ashe abin da muka yi zargi ne. Na dubi Gwaggo ina jiran ta juya musu baya. Sai na ga fuskarta ta saki, irin sakin da ban gani ba tun ranar da aka fita da Audu.

"Madalla," ta ce. "Shekara uku ina cewa ko ni ce na ƙaga maku sharri. Ciwon da aka san sunanshi ya hi sauƙi." Ta huta. "Shi ka kai ni coci sujada, Rifkatu."

"Shi ne, Mama. Ni ma ya sha ɗaukata in ruwa ya tare ni. Bai taɓa karɓar ko sisi ba."

"Ɗana ne. Ko ina ya yi salla, ni na haihe shi. Ni ce taku, ni kunka bari."

"Mun yi laifi. Ki yafe mana don Allah."

"Na yahe." Ta faɗa ba ja-in-ja, kamar mai sauke tulu daga ka. "Ni ma kun zo da kwano na sa maku sakata. Kun yi ta aike ina korowa. Ku yahe mani."

Suka amsa gaba ɗaya, kowa na kuka, har Binta da ba ta san rabin zancen ba. Ni na daure, na kafa ido a kan silin.

Gwaggo ta miƙa hannu Rifkatu ta riƙe, na kusa ta riƙe na Rifkatu, haka har bakin ƙofa. Na ja baya kaɗan don in ba su wuri, ibadarsu ce. Rifkatu ta buɗe baki za ta yi addu'a, Gwaggo ta ce, "Bari ni." Ta rufe ido. Muka jira. Na san abin da take dubawa a cikin duhun nan.

"Uba," ta ce. Ta tsaya. Ba ta buɗe ido ba. "Uba, ga ni. Na daɗe. Ga 'yan'uwana, tare munka zo. Cikin sunan Yesu."

Iyakarta ke nan. Suka ce amin. Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shige kunne, amma bakinta murmushi yake. A nan ne ni ma daurewar ta ƙare, na ja hijabi na rufe fuska. Na yi mata murna har cikin raina, duk da cewa ta wata ƙofar take kiran Ubangiji ba tawa ba.

Na ɗauka an gama. Malamar makaranta ma har ta gyara murya za ta koma waƙa. Sai Gwaggo ta buɗe ido ta ce, "Saura abu guda. Ba ku yi mani gaisuwar Audu ba."

Suka dubi juna.

"Gaisuwa ba ta ruɓewa. Ku gaishe ni, ɗaya-ɗaya, yadda aka saba. Hajo, a shimhiɗa tabarmi."

Na fita na jawo tabarmin gidan duka, na shimfiɗa su a inuwar katanga. Matan gidan suka fito suna tambaya ko an yi rasuwa ne, na ce an yi, shekara uku da suka wuce, ku zo ku zauna. Suka zo kuwa. Aka ɗage labulen ɗakin aka rataye a ƙusa don Gwaggo ta riƙa ganin tsakar gida. Matan Zumunta suka fito suka zauna cikin namu, suka bar Rifkatu a ciki.

Ita ta fara. Ta gyara durƙuso kamar yanzu ta shigo.

"Sannu, Mama. Ashe abin da ya faru ke nan. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya ba ki haƙurin rashin Audu."

"Amin. Na gode da zuwa."

Ba ta tashi ba, ta koma gefe ta ci gaba da riƙe mata hannu. Mai kayan asibiti ta shiga, ta durƙusa, ta gaishe ta, ta fito. Mai goyo ta shiga. Wata ta ce ta tuna Audu yana yaro yana satar mangwaron harabar coci, Gwaggo ta yi 'yar dariya ta ce ai har ya girma bai tuba da mangwaro ba. Wata ta ce shi ya gyara wa mijinta babur ranar da za ta haihu. Kowace da abin da ta riƙe nasa, ashe duk shekarun nan suna da shi a baki, ba su sami inda za su ajiye ba. Gwaggo tana amsa wa kowa, "Da godiya," muryar tana ƙara nisa, amma ba ta tsallake ko ɗaya ba.

A waje Binta ta yi ajiyar zuciya ta ce, kamar yadda bakinmu ya saba, "Allah ya jiƙan Audu, ya sa ya huta." Namu suka ce amin. Matan Zumunta suka ɗan yi jim. Daga cikin ɗaki muryar Rifkatu ta fito da ƙarfi, "Amin." Sai sauran suka bi.

Haka aka yi ta yi har aka kira la'asar. Mu muka tashi muka yi salla a ɗakunanmu muka dawo, su suna zaune. Wasu sababbi suka yi ta zuwa, wadda ta ji daga bakin wadda ta ji, kowace ta ajiye takalmi ta shiga ta yi gaisuwarta. Fasto ya kira ya ce motarsu ta baro Kankiya. Na dama kunu a babbar roba aka zagaya da shi, Gwaggo ta karɓi cokali ɗaya daga hannun Rifkatu ta ce ya isa.

Inuwa ta cinye tsakar gida lokacin da ta ƙarshe ta iso. Wata tsohuwa ce tukuf da sanda, suka ce Mama Talatu ce, tare suka shiga Zumunta da Gwaggo suna matan aure sababbi. Daga bayan gari take, ta ce mai napep ya sauke ta a bakin titi, lungun nan kuwa da ƙafa ta ja shi tana hutawa. Aka so a kama ta, ta ture hannun. Ta jingine sandarta a ƙofa, ta dafa bango, ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara.

"Laraba, ni ce Talatu. Na makara, ƙawata. Ashe Audu lokaci ya yi." Ta numfasa. "Ya haƙuri?"

Muka saurara. Gwaggo tana kwance yadda take, fuskarta tana kallon tsakar gida, idon a lumshe.

"Laraba. Ya haƙuri?"

Na dubi ƙirjinta, zanen ba ya motsi. Na dubi Rifkatu, ita ma ni take kallo, hannun Gwaggo yana cikin nata, ba ta sake shi ba. Na ce Inna lillahi a cikin zuciyata, na zame na zauna a bakin ƙofa.

Ba wadda ta yi kururuwa. Tambayar tsohuwar tana nan ba a amsa ba, kuma mamaciyar ba ta da ɗa ko ƙanwa a wurin da za su amsa mata. Sai Rifkatu ta ce a hankali, "Da godiya." Mai kayan asibiti daga kan tabarma ta ce, "Da godiya." Ta gefenta ta karɓa, ya bi layi har jikin katanga, har ya zo kaina na ji bakina ya faɗa.

Mama Talatu ta gyaɗa kai kamar an ba ta amsar da ta zo nema. Ba ta tashi daga durƙuson ba. Ɗankwalin Gwaggo ya ɗan zame baya, furfura ta fito, sai ta sa hannuwanta biyu ta jawo shi gaba, ta gyara mata ɗaurin.